Hoton Wa, Fuskar Wa?

 Shirinmu na musamman na yau daga ƙofar wani shagon ɗaukar hoto zai fara.

Wata uku bayan bikin 'yar yayata, ina cikin adaidaita sahu cunkoso ya tsayar da mu. Ina ɗaga kai sai muka yi ido huɗu da ita a jikin wani allon talla da ya fi ƙyauren ɗaki tsawo. Ga ta nan cikin kayan kamu, lalle har gwiwar hannu, lambar wayar mai shagon a ƙarƙashin haɓarta. Ita ba ta sani ba, mijinta ma bai sani ba. Na sauka na shiga. Mai shagon yaro ne mai ladabi, har kujerarsa ya ba ni. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ce, "Baba, ai ni na ɗauki hoton, aikina nake nunawa."

Bai yi ƙarya ba. A yawancin ƙasashen duniya, har da Najeriya, wanda ya ɗauki hoto shi ke da haƙƙin mallakarsa, sai fa in an yi yarjejeniya a kan akasin haka. Shi ya zaɓi haske, shi ya durƙusa ya nemo kusurwa, shi ya kwana yana gyara. Sai dai a cikin hoton akwai abin da bai mallaka ba, wato fuskar amarya. Takardar da ke sasanta waɗannan haƙƙoƙi biyu ita ake kira takardar amincewa: wanda aka ɗauka ya sa hannu cewa ya yarda a yi amfani da hotonsa, a wuri kaza, don abu kaza, zuwa lokaci kaza.

Wata budurwa ce a Amurka ta jawo aka fara ɗaukar wannan takarda da muhimmanci. Sunanta Abigail Roberson, 'yar garin Rochester a jihar New York. Ta je an ɗauke ta hoto kamar yadda kowa ke yi. Bayan wani lokaci sai ga fuskarta a kan takardun tallan garin fulawa na kamfanin Franklin Mills, kusan kwafi 25,000, an manna a kantuna da ɗakunan ajiya da mashaya. Ta shaida wa kotu cewa zolayar mutane ta sa ta kwanta ciwo sai da likita ya duba ta, ta kuma nemi diyyar dala 15,000. A shekarar 1902 babbar kotun jihar ta kori ƙarar, alƙalai huɗu suka rinjayi uku, suka ce babu dokar da ta ba ta irin wannan haƙƙi. Jama'a suka fusata, jaridu suka yi ca. Shekara na zagayowa, a 1903, majalisar jihar ta kafa doka cewa ba a amfani da sunan mutum ko hotonsa wajen talla ko kasuwanci sai da izininsa a rubuce. Har yau dokar tana aiki. Ita Abigail ko sisin kwabo ba ta samu a shari'ar ba, na bayanta ne suka ci moriya.

A Jamus kuwa gawa ce ta jawo doka. Da tsohon shugaban gwamnatin ƙasar, Otto von Bismarck, ya rasu a 1898, wasu masu ɗaukar hoto biyu suka saci jiki cikin dare suka ɗauki hoton gawarsa a kan gado don su sayar. Kotu ta ƙwace hotunan, aka ɗaure su, kuma a 1907 aka yi dokar da ta ce ba a yaɗa hoton mutum sai da yardarsa. In ya mutu, sai da yardar iyalinsa har shekara goma.

To amma kada mai sauraro ya ɗauka duk hoton da aka ɗauka sai an kawo takarda. Da haka ne, da babu ɗan jaridar da zai iya ɗaukar hawan Sallah ko taron siyasa. Dokoki suna raba hoton labari da na fasaha daga hoton talla. Tsakanin 1999 da 2001 wani mai hoto, Philip-Lorca diCorcia, ya kafa kyamara da fitilu a dandalin Times Square yana ɗaukar masu wucewa ba da saninsu ba. Cikinsu akwai wani dattijo Bayahude mai riƙo da addini, Erno Nussenzweig. Sai a 2005 ya gano ana baje fuskarsa a ɗakunan nunin fasaha ana sayarwa da dubban daloli. Ya kai ƙara, ya ce har addininsa abin ya taɓa. Alƙali ya ce wannan aikin fasaha ne, ba talla ba, kotun ƙoli ta jihar kuma ta ce lokacin shigar da ƙara ya riga ya wuce. Doka ta wanke mai hoton. Ni dai duk lokacin da na tuna dattijon nan, zuciyata ba ta kwanciya da hukuncin.

Bambancin nan tsakanin hoton talla da sauran hotuna ne ya sa manyan kamfanonin dillancin hotuna irin su Getty Images da Shutterstock ba sa karɓar hoton da za a iya gane mutum a ciki don a sayar wa masu talla sai da takardar amincewa. Inda aka yi sakaci kuwa, ɓarnar ba ƙarama ba ce. A 2013 wata hukuma ta jihar New York ta buga sanarwa a jarida kan haƙƙin masu ɗauke da cutar ƙanjamau, ta sa hoton wata mata da ta saya a wajen dillalan hoto, rubutun ya nuna kamar matar ce ke cewa tana da cutar. Ba ta da ita, ba ta kuma taɓa sa hannu a wata takarda ba. Sai a 2018 kotu ta yanke mata diyyar dala 125,000.

Masu sauraro, wannan matar ta san hanyar ofishin lauya. Akwai wadda ba ta sani ba.

A 1984 wani mai ɗaukar hoto, Steve McCurry, ya shiga wata makarantar tanti a sansanin 'yan gudun hijira na Nasir Bagh, kusa da Peshawar a Pakistan. Ya ɗauki hoton wata yarinya 'yar Afganistan, mai shekara kamar sha biyu, da jan mayafi da korayen idanu. A watan Yuni na 1985 hoton ya fito a bangon mujallar National Geographic, daga nan ya zaga duniya, a kalandu da fastoci da littattafai. Shekara goma sha bakwai ba wanda ya san sunanta. Sai a 2002 aka nemo ta, Sharbat Gula, matar aure mai 'ya'ya, kuma a lokacin ne ta fara ganin hoton da idonta. Mujallar ta tallafa mata da iyalinta bayan haka, wannan gaskiya ne. Amma a 2016 da aka kama ta a Pakistan kan zargin katin shaida na jabu aka mayar da ita Afganistan, sanannar fuskar nan ce ta sa lamarinta ya cika jaridun duniya. A 2021 aka kwashe ta zuwa Italiya. Hoton labari ne, doka ba ta nemi takarda ba. Sai dai ba wanda ya zauna da yarinyar ko da iyayenta ya faɗa musu inda fuskarta za ta kai.

Mu da muke arewa mun san irin wannan hoto. Mun ga almajiri riƙe da ƙoƙonsa a bangon rahoto, mun ga uwa da ɗanta mai tamowa a sansanin 'yan gudun hijira a Borno. Sau da yawa niyyar mai ɗauka alheri ce, taimako yake nema musu. Amma matar da ke layin karɓar abinci, in mai rabon abincin ya ce ta tsaya a ɗauke ta hoto, da wane baki za ta ce a'a? In an miƙo mata takarda da Turanci an ce ta dangwala yatsa, me ta amince da shi? A ganina takardar da ba a karanta wa mutum da harshen da yake ji ba, mai hoton kaɗai take karewa.

Najeriya ba ta da doka guda da aka keɓe wa wannan haƙƙi, amma akwai madafa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin kansa da iyalinsa, kamar na biki ko suna, yana da ikon hana a wallafa shi ko a baje shi ga jama'a, matuƙar ba a yi wata yarjejeniya daban ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ce yaro sai da iznin iyaye ko mai kula da shi, ta ce wanda ya amince yana iya janyewa, ta kuma ce yin shiru ba amincewa ba ne. Wannan na ƙarshe ya kamata masu hoto da masu kwalliya da masu lalle da teloli su riƙe shi da kyau. Mu mutane ne masu kawaici. Amarya za ta ga hotonta a shafin Instagram na mai kwalliya, ranta ya ɓaci, kunya ta hana ta magana, mai shafin ya ce ai da ba ta so da ta faɗa.

Takardar kanta ba ta da wani wuya. A rubuta wa aka ɗauka, wa ya ɗauka, a ina za a sa hoton, har zuwa yaushe, da biya ko babu. A fito fili a faɗi ko za a iya sayar wa wani, domin hoton da ya shiga intanet ba ya komawa gida, ga shi yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ɗora fuskar mutum a jikin da ba nasa ba. A faɗi abin da ba a yarda a haɗa fuskar da shi ba: tallan magani, man sauya launin fata, fastar siyasa. Mai hoto ma yana da riba a ciki, don aikin da ke da takarda shi ke sayuwa a kasuwar duniya, kuma in rikici ya taso yana da abin nunawa.

Shi yaron nan mai shago, a gabana ya ɗauko tsani ya sauke allon. Ya ba da haƙuri, ya ce shekara shida yana sana'ar, wanda ya koya masa bai taɓa ambata masa takarda ba. Na kira 'yar tawa a waya na faɗa mata. Ta yi jim, sannan ta ce, "Kawu, aikinsa ya yi kyau, kada a tauye shi. Ya sa wanda hannayena kaɗai suka fito." Muka yagi takarda daga littafin rasit ɗinsa, muka rubuta layi huɗu da Hausa: hoton hannu kaɗai, a ƙofar shago kaɗai, na shekara ɗaya, ban da intanet. Da yamma ya kai mata gida, ta karanta da kanta, mijinta ya karanta, ta sa hannu.