Kunkunniya da Dalma: Abin da Aikin Wahala Ke Bari a Jikin Yaro

A shekarar 1775 wani likitan fiɗa mai suna Percivall Pott, wanda ke aiki a asibitin St Bartholomew na birnin Landan, ya lura da wani abu game da masu zuwa wurinsa da sankarar fatar maraina. Da yawansu sana'arsu ɗaya: sharar bututun hayaƙi, kuma tun suna ƙanana suka fara ta.

A wancan zamani gidajen Ingila da kwal suke ɗumama ɗakuna da dafa abinci. Hayaƙin yana fita ta wani bututu na bulo, inda kunkunniya ke taruwa har ta toshe shi ko ta kama da wuta. Faɗin wasu bututan bai wuce inci 9 da 14 ba, watau babba ba ya iya shiga. Saboda haka masu sana'ar sukan ɗauko marayu da 'ya'yan matalauta, wasu ba su kai shekara 7 ba, su tura su ciki. Yaro yakan hau ta hanyar dogara gwiwoyi da gwiwar hannu a jikin bulo, yana kankarar kunkunniya tana zubo masa. Akan goge masa gwiwoyin da ruwan gishiri don fatar ta yi kanta. In ya noƙe, maigida yakan kunna ciyawa a ƙarƙashinsa. Da dare ya kwana a kan buhunan kunkunniyar, wanka kuwa sai jefi-jefi.

Abin da ya ba da mamaki shi ne cutar ba ta bayyana sai bayan yaron ya balaga, sau da yawa bayan shekaru masu yawa da fara aikin. Pott ya ce kunkunniyar da ke maƙalewa a lanƙwasar fata ita ce sanadi, kuma ana lissafa wannan a matsayin karo na farko da aka danganta ciwon daji da wata sana'a. Tabbatar da maganarsa ya ɗauki lokaci. A 1915 wasu masana biyu na Japan, Yamagiwa da Ichikawa, suka dinga shafa wa zomaye kwalta a kunne har sankara ta fito. A 1933 masu bincike a Landan suka tace sinadarin benzopirin daga kwalta. Shi wannan sinadari, in ya shiga jiki, jikin yakan yi ƙoƙarin sauya shi don ya fitar da shi, amma a cikin sauyin sai ya zama wani abu da ke manne wa DNA, ya gurɓata umarnin da ke hana ƙwayar halitta rarrabuwa barkatai. Yana nan kuma a cikin hayaƙin taba sigari.

Ilimi dai ya riga doka nesa ba kusa ba. Tun 1803 George Smart ya ƙera buroshi mai dogon sanda da ke iya yawancin aikin, amma yaro ya fi araha. An yi dokoki a 1788 da 1840, ba mai kula su. Sai a 1875, shekara 100 cif bayan bayanin Pott, da wani yaro George Brewster ya maƙale a bututun wani asibiti kusa da Cambridge ya rasu, Lord Shaftesbury ya sa majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa masu sana'ar karɓar lasisi daga 'yan sanda. Nan ne al'adar ta mutu. A masaƙu ma dokar 1833 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba, ta 1842 kuma ta hana tura mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 cikin ramin kwal.

Kuskure ne a ɗauki yaro a matsayin babba mai ƙaramin jiki. Ƙarshen dogayen ƙasusuwansa guringuntsi ne, daga nan yake yin tsawo, kuma kaya mai nauyi ko doguwar tsayuwa na iya lahanta shi. In aka auna da nauyin jiki, yaro ya fi babba shaƙar iska, don haka ya fi shi shaƙar ƙura. Ƙwaƙwalwarsa kuwa ba ta gama ginuwa ba.

Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF ya nuna cewa a 2024 yara kimanin miliyan 138 ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba, miliyan 54 daga ciki a ayyuka masu haɗari. Mafi yawansu a gona suke, ba a masana'anta ba. Ba kuma taya iyaye ɗan aikin gida ake nufi ba, a'a, aikin da ke cin lafiya ko karatu.

A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa da farfaɗiya a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Dutsen zinariyar yankin yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma dakansa da niƙansa a cikin gidaje, manyan yara na taya wa, ƙanana na rarrafe a cikin ƙurar. Yara wajen 400 suka rasu, yawancinsu ba su kai shekara 5 ba. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da na babba ke tsotsewa, domin jiki yana ɗaukarta tamkar sinadarin kalsiyam da yake buƙata don gina ƙashi. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, an ba dubban yara magani mai janyo dalma daga jini, sai dai maganin ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa.

Dalmar da ta shiga ƙashi kuwa takan zauna shekaru gommai. Idan mace ta sami juna biyu, jikinta yakan ciro kalsiyam daga ƙasusuwanta don ya gina na ɗan tayi, dalmar ta biyo shi ta ratsa mahaifa. 'Yan matan da suka taya niƙan dutse a 2010 yanzu sun kai shekarun haihuwa.