Sunan Na Ƙarami, Kuɗin Na Babba: Yadda Manyan Kamfanonin Giya Suka Kutsa Kasuwar San Diego

Ka taɓa sayen wani abu don kawai an ce maka haɗin gida ne, daga baya ka ji ashe wani ƙaton kamfani ne ke da shi? To irin wannan haushin mutanen birnin San Diego na jihar Kalifoniya a Amurka suka ji a 2015. Labarin na giya ne, kuma na san da yawa cikinmu ba ruwanmu da ita. Amma ɗan dakata, domin abin da ke ciki labarin kasuwanci ne da talla, irin wanda kake gani kullum a Instagram da TikTok.

Bari mu faro daga tushe. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar da ta halatta wa Amurkawa haɗa giya a gida. Masu sha'awa suka fara gwaji a kicin da gareji, wasu suka mayar da abin sana'a. A San Diego, Karl Strauss ya buɗe a 1989. A 1992 aka buɗe wani shagon sayar da kayan haɗi mai suna Home Brew Mart, kuma daga bayan shagon nan Ballast Point ya fito a 1996, shekarar da aka kafa Stone Brewing. Sannu a hankali yankin ya tara ƙananan masana'antu sama da 150. Mai saye ya san mai haɗin, ya san unguwarsu, wani lokaci ma tare suke zaune suna hira.

Wannan amana ita ce abin da manyan kamfanoni suka rasa. Suna da injina, suna da motoci, suna da kuɗin talla, amma matasa na ta guje wa kayansu. Sai suka ga ai sayen suna ya fi sauƙi a kan gina shi. A 2015 MillerCoors ya sayi mafi yawan hannun jarin Saint Archer. Kafin shekarar ta ƙare, Constellation Brands, mai sayar da Corona a Amurka, ya sayi Ballast Point kan dala biliyan 1. Eh, biliyan, ba miliyan ba.

Za ka ce to mene ne laifin? Mutum ya gina abinsa, ya sayar, ya ci riba. Gaskiya ne, kuma babban kamfani na iya kai kaya garuruwan da ƙaramin bai taɓa mafarkin zuwa ba. Matsalar tana wajen rarraba kaya. A Amurka, tun bayan ɗage haramcin giya a 1933, galibi mai haɗi ba ya kai wa mai shago kai tsaye, sai ta hannun dillali. Dillali kuwa ya fi sauraron wanda ya fi ba shi ciniki. Kanta a shago tana da iyaka. Idan babban kamfani ya cika ta da sunaye biyar masu kama da na ƙanana, mai saye zai ɗauka zaɓi ne ya yi masa yawa, alhali aljihu ɗaya kuɗinsa ke tafiya. Ƙaramin na gaskiya kuma ya rasa wurin ajiye kwalbarsa.

Shi ya sa rigima ta tashi a 2017, lokacin da 10 Barrel, mallakin Anheuser-Busch InBev, ya buɗe reshe a tsakiyar San Diego. Masu adawa suka yi karo-karo, suka ɗauki hayar ƙaramin jirgin sama ya ja ƙyalle a sararin samaniya, yana sanar da jama'a cewa wannan ba haɗin ƙananan masana'antu ba ne. A shekarar ce kuma ƙungiyar Brewers Association ta fito da tambari mai hoton kwalba a kife, wanda masu cin gashin kansu kaɗai ke iya liƙawa. Daga cikin sharuɗɗan: kada haɗinka ya wuce ganga miliyan 6 a shekara, kuma hannun jarin babban kamfanin giya a cikinka ya gaza kashi 25 cikin ɗari.

To yaya aka ƙare? A ƙarshen 2019 Constellation ya sanar da sayar da Ballast Point ga Kings & Convicts, wani ɗan ƙaramin kamfani daga jihar Illinois da mutane da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. A 2022 aka daina haɗa Saint Archer. Kuɗi ya sayi suna da injina, amma bai riƙe masu sayen da suka ji an sayar da su tare da kamfanin ba.

Kada ka ɗauka ƙananan ne suka yi nasara dai. Stone, wanda ya shafe shekaru yana caccakar masu sayar da kansu, shi ma a 2022 ya faɗa hannun Sapporo na Japan. Kasuwa ta cika, gasa ta yi zafi, baki kuma ba ya biyan albashi.

Mu ma nan abin bai yi mana nisa ba. Maltina da ake rabawa a biki da suna, Nigerian Breweries ne ke yin ta, kuma Heineken na ƙasar Holan ne ke da mafi yawan hannun jarin kamfanin. Mutum nawa suka taɓa juya kwalbar su karanta?

Don haka idan wani kaya ya burge ka a intanet da labarin "mun faro daga ɗaki ɗaya", duba ƙananan rubutun da ke baya, ka binciki mai kamfanin kafin ka yaɗa. Idan kuma ke ce mai zoɓo ko kunun aya da kike tallatawa a WhatsApp, ki sani cewa yardar da abokan cinikinki suka yi da ke tana cikin jarinki. Ranar da mai kuɗi ya zo da tayi, ki tambaye shi wa zai riƙe sunan, wa zai yanke hukunci kan haɗin, kuma me za a faɗa wa masu saye, kafin ki sa hannu.