Jarrabawar da ke gaban lasisin harhaɗa magunguna

Digiri kaɗai ba ya ba mutum lasisin harhaɗa magunguna. Sai ya yi horon wata 12 a hannun gogagge, sannan ya zauna jarrabawar neman rajista (PEP) ta hukumar PCN mai kula da sana'ar. Shirin da ƙanwata ke yi ke nan a gidanmu na Rijiyar Lemo. Bayan Isha'i sai ta duƙufa kan dokokin sana'a, da magungunan da ba a haɗawa, da lissafin awo. Lissafin nan na fi matsa mata a kai, domin maganin yaro da nauyinsa ake aunawa, kuskure kaɗan sai ya taɓa rai. Tana kuma bitar ajiyar magani, matsalar da na sha gani a zafin kasuwar Sabon Gari kafin a tura dillalan magani Ɗangwauro a 2024.