Daga birkin zemijan zuwa wayar lantarki: fiziks a ƙofar gidanmu

Duk shekara idan jarrabawar BAC ta matso, ƙorafi ɗaya nake ji daga yaranmu na Zongon Lome: "Malam, fiziks ɗin nan ba ya shiga kai." Sun haddace ƙa'idoji da Faransanci, amma da an ɗan juya tambaya sai su tsaya cak. Ni kuwa nakan ce musu su fito bakin titi, tambayoyin suna can suna wucewa.

Ɗauki ɗan zemijan a kan babbar hanyar da ta bi ta Zongo zuwa arewa. Yana gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a daƙiƙa. Yaro ya gitta, ya taka birki, gudun yana raguwa da mita 5 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Zai tsaya bayan daƙiƙa 2, ya ci mita 10. To, in yana gudun kilomita 72 fa? Yawancin ɗalibai sukan ce mita 20. A'a, mita 40 ne. Gudu ya ninku sau biyu, nisan tsayawa ya ninku sau huɗu.

In babur da mutum biyu sun kai kilo 200, ƙa'idar da Isaac Newton ya wallafa a 1687 ta ce a ninka 200 da 5: ana buƙatar ƙarfin niyuton 1,000. Suɗaɗɗiyar taya a jiƙaƙƙen titi ba ta da wannan riƙon.

Haka batun lantarki. Me ya sa tsuntsu ke sauka kan wayar CEET ya tashi lafiya lau? Ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya, kusan babu bambancin matsin lantarki tsakaninsu, wuta ba ta da dalilin bi ta jikinsa. Amma wanda ya taɓa tsiraicin waya yana tsaye a ƙasa, akwai bolt 220 tsakanin hannunsa da ƙafarsa. Busasshiyar fata tana iya tare wuta da om 100,000, abin da zai ratsa kusan miliamfa 2 ne. In ta jiƙe, ya sauko wajen om 1,000, sai ya zama miliamfa 220, alhali 30 ma na iya rikita bugun zuciya.

Iyaye, idan yaro ya zauna da waɗannan tambayoyi, a bar shi ya gama kafin a aike shi. Ɗalibai kuma, kafin ku ɗauki biro, ku zana babur ɗin, ku zana wayar. Damina na tafe, a duba wayoyin tsakar gida. Allah ya tsare, ya ba da sa'a.