Yadda Ake Gane Binciken Kirki a Kan Amfani da Antibayotik

A ce wani asibiti ya kafa doka a ƙarshen hunturu: likita ba zai ƙara rubuta wa mai mura maganin antibayotik ba, tunda mura ba ta jin sa. Bayan wata uku aka ƙirga, aka ga abin da ake rubutawa ya ragu. Sai murna. To amma me ya rage shi, dokar ko wucewar sanyi? Da zafi ya shigo, masu mura ai dama raguwa suke yi. Irin wannan bincike na "kafin da bayan" shi ya fi yawa, domin ba ya cin kuɗi, shi ne kuma ya fi saurin ruɗin mutum.

Maganin wannan ruɗi shi ne a samu abin kwatantawa, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓa, ba son ran mai bincike ba. Ba a cika raba majinyata ɗaya-ɗaya ba, saboda likitan da aka koya wa sabuwar hanya ba zai manta da ita ba idan ya koma gado na gaba. Sai a raba asibitoci ko garuruwa sukutum.

Haka aka yi a binciken MORDOR a Nijar da Malawi da Tanzaniya, wanda sakamakonsa ya fito a 2018. An jefa ƙuri'a a kan garuruwa fiye da 1,500. A wasu, yara 'yan wata 1 zuwa 59 suka riƙa shan wani antibayotik mai suna azitromaisin sau biyu a shekara. A sauran aka ba su abin da ya yi kama da shi, amma babu magani a ciki. A Nijar, inda aka yi aikin a jihar Dosso, mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu binciken ba su tsaya nan ba. Sun koma sun gwada majinar yaran da bayan gidansu, suka tarar ƙwayar cutar nimoniya mai bijire wa wannan dangin magani ta ninka kusan sau huɗu a garuruwan Nijar da suka sha. Da mutuwa kaɗai aka ƙirga, da wannan bai fito ba. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawararta ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11, a inda mutuwar yara ta yi yawa, da sharaɗin a ci gaba da sa ido kan bijirewar.

Akwai kuma ramin da ƙidayar asibiti kan faɗa. Uwar da likita ya hana wa magani tana iya biyawa ta kemis ta sayi ƙwaya huɗu na antibayotik ɗin nan "ja da yalo". A takardar asibiti an samu raguwa, yaron kuwa ya sha, rabi-rabi ma. Mai binciken da yake son gaskiya sai ya bi ta gida bayan mako guda ya tambaya: ya jikin yaron, kuma me aka ba shi?