Likitan ƙwaƙwalwa ta waya: su wa kiran yake kaiwa?

Ganin likitan ƙwaƙwalwa ta wayar salula, wanda ake ta yayatawa a matsayin maganin ƙarancin likitoci, yana buƙatar babbar waya da data da caji, da kuma ɗakin da mutum zai faɗi damuwarsa ba tare da an jiyo shi ba. Ƙarancin kam gaskiya ne. Ƙwararrun likitocin wannan fanni a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutane fiye da miliyan 200, kuma a Arewa nauyin ya fi sauka kan asibitocin Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau.

Sai dai inda aka fi buƙatar kulawar, nan ne sabis ya fi rauni. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a Zamfara na tsawon makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga, a yankin da firgici da rashin barci suka zama ruwan dare. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Yawancin manhajojin ganin likita ta waya kuma da Turanci suke magana. Matar da ta shiga damuwa bayan haihuwa, wadda sai ta ari wayar maigida, da wuya ta buɗe cikinta a kai.

Abin takaici, ƙasar nan ta taɓa samo hanya tun kafin intanet. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta: a sauki majinyaci a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa mai jinya, ya je asibiti da rana, ya kwana cikin jama'a. Lambo ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, domin ya san wurinsu ake fara zuwa. Haka abin yake a ƙasar Hausa har gobe: dangi ne ke yanke shawara, kuma mai ruƙiyya ake fara kira. Inda babu kowa a tsakani, a gidan mari ake ƙarewa, kamar wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a 2019, aka fito da ɗaruruwan mutane, da dama cikinsu da sasari a ƙafa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin mhGAP tun 2008 na horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Ma'aikacin da aka horar zai iya duba majinyaci a ƙauyensa, ya tuntuɓi ƙwararre a Kware da ƙaramar waya mai tocila. Kuɗin horon da magani da katin kiran ne ya kamata gwamnoni su sa a kasafi, kafin su yi bikin ƙaddamar da wata manhaja.