Alalen Ganye: Yadda Ake Yin Sa ba Ƙwai ba Mai

Gabatarwa

Garwa ita ce hedikwatar lardin Arewa a ƙasar Kamaru, tana bakin kogin Binuwai. Wake yana daga cikin manyan amfanin gonar wannan yanki, Fulanin wurin suna kiransa nyebbe. Daga cikin abincin da ake yi da shi akwai alale, wanda wasu Hausawa suke kira alala. A kudancin Kamaru akwai ɗan'uwansa mai suna koki, wanda ake yi da manja a ƙulle a ganyen ayaba. A Garwa kuwa girki ya fi dogara ga man gyaɗa da man auduga na kamfanin SODECOTON. To amma akwai waɗanda likita ya umarta su rage maiƙo saboda ciwon zuciya ko ƙiba, akwai kuma gidajen da ƙwai ya yi wa tsada. Irin waɗannan ba sai sun haƙura da alale ba.

Abin da Yake Sa Alale ya Kama Jiki

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, wato sinadarin gina jiki, sauran kuma yawancinsa sitaci ne. Idan ƙullu ya ji zafi, furotin yakan daskare kamar yadda farin ƙwai yake yi a kasko, sitaci kuma ya sha ruwa ya kumbura. Ke nan wake da kansa yake yin aikin ƙwai. Amfanin mai shi ne laushi da ɗanɗano, kuma dafaffiyar kabewa tana iya maye gurbinsa, ta kuma ba alalen launin gwaiduwa.

Yadda Ake Yi

Za a jiƙa wake kofi 2, a surfa shi, a wanke har ɓawon ya fita sarai. Sai a markaɗa shi da albasa da tattasai da attaruhu, ya yi laushi ƙwarai. A zuba kabewar da aka dafa aka dame, kamar rabin kofi, da gishiri da daddawa. Daga nan a buga ƙullun da muciya domin iska ta shiga. A yanka alayyahu ko zogale da karas ƙanana a zuba, amma a fara matse ruwan ganyen, in ba haka ba alalen zai caɓe.

Da yake ba a shafa mai ba, sai a shimfiɗa ganyen ayaba a cikin kwano domin kada ƙullun ya manne. A jera kara a gindin tukunya, a zuba ruwa kaɗan, a ɗora kwanon a rufe. Turarawar takan ɗauki minti 45 zuwa awa 1, gwargwadon zurfin kwanon. Idan an soka tsinke ya fito ba ƙullu a jikinsa, ya nuna. Kada a yi garajen saukewa, domin waken da bai dahu ba yana ɓata ciki. A bar shi ya huce kafin a yanka.

Kammalawa

An ga cewa ingancin alale yana ga laushin markaɗe, da daidaita ruwa, da isasshen turare. Idan waɗannan uku suka cika, mai lafiya da marar lafiya za su iya ci a kwano ɗaya.